Hoton Bakin Foraj

Tudun Aduwa, 10 ga Oktoba

Zuwa ga ɗiyata Jannatu, a Tahoua.

Assalamu alaikum. Ina fatan wagga takarda ta iske ki lafiya, ke da mutanen gidan da kike zaune. Nan ƙalau muke. An gama girbi, gona ta ba da daidai gwargwado, tsuntsu ma ya ci nashi rabo. Gwiwa ta yi sauƙi. Kunne ne dai ya ƙara nisa. Na dama ya mutu sarai, na hagu kuwa sai an sa baki cikinsa. Abin da lokotoron asibiti ya ba ni in maƙala a kunne, fito kawai yake yi, na aje shi cikin akwati. Don haka kada ki ƙara kira ta wayar maƙwabta. Kunya nike ji a miƙo mini waya in yi ta "na'am, na'am" ga maganar da ban ji ba. Ki rubuto. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana koyarwa a lakkol, ai ba a rasa shi a takarda.

Tun da rezon waya ya iso garin ga, fadarmu ta gindin aduwa ta sake. Da ana hira, ni ina bin bakin mutane ina tsintar abin da ya samu. Yanzu sai a aje waya ɗaya a tsakiyar tabarma, a kunna saƙon muryar nan da suke ce ma bokal, kowa ya sunkuya. Can sai su fashe da dariya gaba ɗaya, ni ina kallon haƙoransu. Aminina Isma'ila, wanda kike ce ma Baba, shi ne kaɗai ke matsowa ya kwarara mini abin da anka ce. Ya sake tsayawa takarar konseye, wato kansila. Na ce mishi, tsufa bai ishe ka aiki ba? Ya ce in ya zauna gida matarsa Maryama sussuka za ta sa shi.

Tanimu direba ya kawo saƙonki na baki. Ya yi ta ɗaga murya, mota kuma na ruri, abin da na kama shi ne "hoto". Na gane. Tun da yana hannunki, naki ne, ki yi yadda kike so da shi. Ki dai kula da shi, kada ya lalace.

An ce kin samu aiki. Wane iri?

Babanki, Yunusu.

Tahoua, 15 ga Oktoba

Baba,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na ji daɗin labarin gwiwa, na kuma yi baƙin cikin na kunne. Ni lafiya lau, in ban da mura da ta taɓa ni ta wuce.

Aikin ga yadda yake. Ka san shekara biyu ina yawo da takarduna daga buro zuwa buro ina neman aiki. To, Alhaji Abdurazak, ɗan kasuwar nan mai son zama magajin garin kwamin, wato gundumarmu, ya buɗe buron kamfe nan Tahoua, ya ɗauke mu mu huɗu. Shugabanmu wani ne Issouf, shi ke haɗa hotuna da odinata, wato kwamfuta. Ni kuwa gurup-gurup na WhatsApp ke hannuna, guda sha ɗaya, na mutanenmu da ke biɗar kuɗi a Abijan da Libiya da Kamaru. Issouf ya ce yanzu ba a taron gangami ake cin zaɓe a Adar ba. Wanda ke aiko ma gida abinci, shi ke faɗin wanda za a zaɓa, shi kuwa yana cikin waya. Kowace safiya sai ya ba ni abin da zan tura, ni kuma in tura.

Na san ɓangaren Baba Isma'ila daban ne. Amma aiki ne kawai, Baba, ba gaba ba.

Na gode da ka yarda da maganar hoto. Bidiyon nan ne da na ɗauke ka da Babbar Salla a bakin foraj, rijiyar nan ta burtsatse, kana bayanin yadda ya lalace. Na nuna ma Issouf, ya ce irin shi ake so, dattijo mai mutunci yana faɗin matsalar ruwa. Wataƙila ta sanadinka a gyara.

Ɗakin ga shiru gare shi. In na dawo aiki, waya ta yi ta ƙara da saƙonnin mutum ɗari, amma babu wanda ya san ko na ci abinci.

Ɗiyarka, Jannatu.

Tudun Aduwa, 6 ga Nuwamba

Jannatu,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya. Sati huɗu ke nan babu takardarki. An ce motar Tanimu masu kamfe sun ɗauke ta haya, tana yawo da lasifika can wajen Barmou da Affala. Wagga zan ba wani mai kai awaki kasuwar Lahadi.

Akwai abin da ke faruwa nan wanda ban gane kansa ba.

Kwana goma da sunka wuce na zo fada, na yi sallama, na ga baki biyu ko uku kaɗai sunka motsa. Isma'ila bai zo ba. Kashegari ma bai zo ba. Na tafi gidansa, Maryama ta fito zaure ta yi mini alama da hannu wai ba ya nan, alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. A masallaci, sahun da muke tsayawa tare tun muna samari, na duba na hango shi can ƙarshen bango.

Na yi ta tambaya, kowa sai ya kau da kai. Sai jiya, ƙanen Isma'ila ya tare ni a hanyar kasuwa, ya tura mini waya a fuska har ta kusa taɓa hancina. Na ga kaina. Ni ne, da farar rigata ta Salla, tsaye a bakin foraj, bakina na motsi. Bai daɗe ba. Daga nan sai ga hoton Isma'ila, an zagaye kansa da ja, an rubuta a ƙasa: "Amininsa na shekara hamsin ya tona asiri." Ƙanen nan nashi yana ta magana, jijiyar wuyansa ta tashi, miyau na fantsamo mini. Mutane sun taru. Na ce a faɗa mini da ƙarfi abin da ke ciki, babu wanda ya faɗa. Ina jin sun ɗauka rainin hankali nike yi.

Ke kinka ɗauki hoton ga, na tuna. Na manta abin da na ce ranar, amma na san abin da ba zan taɓa cewa ba. Ki saurara ki rubuto mini abin da bakina ya faɗa, kada ki rage, kada ki gyara. Kuma ki faɗa mini yadda anka yi ya fita daga wayarki.

Babanki.

Tahoua, 9 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka. Ban san ta inda zan fara ba. Takardar da na rubuta maka tun tsakiyar Oktoba ashe tana aljihun Tanimu har yau. Na karɓo ta, ga ta nan haɗe da wagga. Ka fara karanta waccan.

Ga abin da ka faɗa ranar, daidai wurin da anka yanka. Na saurara sau biyar ina rubutawa:

"Shekara biyu ke nan foraj ɗin ga bai ba da ruwa ba. Mata na tafiya har rijiyar ƙauyen gaba. Masu cewa Isma'ila ya cinye kuɗin gyara, ni na sani, ba su san shi ba. Sau nawa ya hau babur ɗin haya ya tafi biɗar mai gyara, ya dawo ba a ko saurare shi ba."

Ga abin da Issouf ya bari:

"Shekara biyu ke nan foraj ɗin ga bai ba da ruwa ba. Isma'ila ya cinye kuɗin gyara, ni na sani."

Muryarka ce, Baba. Bai ƙara ko harafi ba, yankewa kawai ya yi.

Yanzu ga nawa laifi. Ni na tura shi. Ya ba ni da safe cikin wasu abubuwa, na tura gurup sha ɗaya ban buɗe ba, don sauri nike in kama wani aikin. Da azahar sai ɗan Baba Isma'ila na Abijan ya aiko mini bokal yana kuka yana zagi. Sannan na buɗe.

Na shiga wajen Issouf. Na ce, "Wanga ba shi ne abin da babana ya faɗa ba."

Ya ce, "Ba muryarsa ba ce?"

Na ce, "Ka yanke."

Ya ce, "Kowa na yankewa. Su ma jiya sun yanke na Alhaji. Ba ke kinka kawo shi ba? Ba ke kinka ce tsoho ya ce a yi yadda ake so ba? Siyasa ce, Jannatu, bayan zaɓe kowa zai manta."

Na koma kujerata na zauna. Kwana sha uku ke nan, kuma ina zuwa aiki kullum. Na ce ma kaina ba ka da waya, ba za ka gani ba. Na ce in na yi magana za su kore ni in koma yawo da takardu. Ban tuna cewa kai kaɗai ne a garin ba za ka ji abin da ake cewa ka ce ba.

Ba ni da bakin roƙon gafara. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Jannatu.

Tudun Aduwa, 21 ga Nuwamba

Jannatu,

Lafiya nike. Takardunki biyu sun iso tare.

Hoton da na ce ki yi yadda kike so da shi, na uwarki ne. Wanda kinka ɗauka cikin akwati da Salla kinka ce za ki kai a faɗaɗa. Shi na ɗauka Tanimu ke nufi. Ban san ana roƙon izini a kan wancan ba, ban ma san shi ma sunansa hoto ba.

Rashin buɗewa kafin ki tura, wannan ganganci ne, kowa na yi. Kwana sha ukun ne na kasa haɗiyewa. Ba zan ƙara magana a kai ba.

Na kwafe abin da kinka rubuto a takarda mai kyau, na tafi gidan Isma'ila. Na zauna a zaure tun hantsi har inuwa ta juya. Maryama ta kawo mini ruwa, ta aje, ba ta dube ni ba. Bai fito ba. Na bar takardar ƙarƙashin kwanon. Shi boko bai yi ba, ban san ko ya ba wani ya karanta mishi ba.

Ranar Juma'a, da anka sallame, na miƙe a ƙofar masallaci na karanta ta ga jama'a. Kin san ba na jin muryata. Ashe ihu nike yi, kamar mai kiran raƙumi. Na ga wasu na toshe baki. Na ga wayoyi a sama. Liman ya kama hannuna ya zaunar da ni a hankali. Kwana biyu bayan haka, maƙwabcinmu ya nuna mini: an sa ni a waya kuma, an maimaita wurin da hulata ta faɗi sau uku. Ya ce an aza mishi kiɗa. Mutanen Isma'ila ne sunka yi wanga, in ji shi. Kin ga yanzu kowane ɓangare ya samu abin da zai yi da ni.

Na daina zuwa fada. Ina zama ƙofar gida ina gyaran igiyar awaki da ba ta lalace ba.

Kin tambayi abin da za ki yi. In cikakken na nan a wayarki, ki sake shi ta hanyar da kinka saki guntun. Abin da zai biyo baya ke kinka san shi, ni ban tilasta ki ba.

Babanki.

Tahoua, 2 ga Disamba

Baba,

Ina gaishe ka, ina fatan jiki da sauƙi. Ni lafiya.

Na sake shi. Ranar Litinin da safe na tura cikakken bidiyon a gurup sha ɗayan duka, na haɗa da muryata, na faɗi sunana da sunanka da abin da anka yi. Kafin azahar Issouf ya fidda ni daga dukkansu. Ya karɓi wayar aiki da makullin buro. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Allah ya ba ki wani aikin inda ba a yanka komai."

Ina son in ce maka gaskiya ta yi halinta, amma ba haka ba ne. Guntun bai kai numfashi uku ba, ya shiga ko'ina. Cikakken minti huɗu ne, yana cin rezo, mutane kaɗan sunka buɗe. Cikin waɗanda sunka buɗe ma, wasu cewa suke yi shi ne na jabu, wai an biya ni in haɗa shi. Wani a Libiya ya rubuta cewa uba da ɗiya duk bakinsu biyu.

Na tura ma ɗan Baba Isma'ila shi kaɗai. Alama ta nuna ya gani. Bai amsa ba.

Waya ta yi tsit yanzu. Jiya na wuni ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya, har na duba ko ta mutu. Matar gidan ta tambaye ni ko hutu anka ba mu, na ce i.

Na so in taho gida. Na kai har tasha, na ga motar garinmu cike da fuskokin da na sani, na juyo.

Jannatu.

Tudun Aduwa, 27 ga Disamba

Jannatu,

Gaisuwa. Sanyi ya taso mini da gwiwa, amma ina takawa.

Kin ji sakamako, ba sai na faɗa miki ba. Ɓangaren Isma'ila ya faɗi a garin ga, inda bai taɓa faɗuwa ba. Ni na tafi na jefa mishi ƙuri'ata tun da safe. Wakilinsu da ke zaune a buron zaɓe ya bi ni da wani irin kallo, na san abin da yake zato na jefa.

Foraj na nan yadda yake.

Ƴaƴan Isma'ila sun aiko ya koma wajensu Abijan, shi da Maryama, wai ya huta. Ba wanda ya faɗa mini. Kaya na gani ana ɗaurewa bisa motar Tanimu ranar Alhamis, na gane tabarmar sallarsa. Na tsaya bakin hanya wajen tsohuwar lakkol, inda dole mota ta rage gudu saboda duwatsu. Yana gaba, kusa da taga. Ya gan ni. Na ɗaga hannu. Ya dube ni har motar ta wuce, bai ɗaga nashi ba, bai kuma kau da kai ba.

Shekarunsa saba'in da biyu. Wanda ya tafi Abijan da waɗannan shekaru, kin san ba da niyyar dawowa ake kai shi ba.

Mu tara ne munka yi kaciya shekara ɗaya a garin ga. Saura ni da shi. Yanzu in na ce "ka tuna", babu wanda zan ce ma.

Ki ci abinci. Kada ki zauna cikin ɗaki kina kallon waya.

Babanki.

Tahoua, 4 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Na samu ɗan abin yi, ina buga takardu a wani shago kusa da kasuwa. Ba shi ne dalilin wagga takarda ba.

Shekaranjiya lambar Abijan ta aiko mini bokal. Na ɗauka zagi ne, na wuni ban buɗe ba. Da na buɗe sai na ji muryar Baba Isma'ila. Ga shi yadda yake, ban gyara ba:

"Jannatu. An ce in danna nan in yi magana. To. Ina gaishe ki. Jikata ta nuna mini dogon, na gani tun kafin in taso. Na gani, amma zuciya ba ta sauka ba a lokacin. Mutum in an zage shi a gaban duniya da muryar da ya fi sani, ko an ce mishi ƙarya ne, kunnensa ya riga ya ji. Ke kuwa kin yi wauta, kin kuma biya. Ya isa.

"Ki rubuta ma kurman nan. Ki ce mishi gonata ta bayan dutsi, kada a bar ta ta zama saura. Ƙanena ba zai iya ba, hankalinsa na kasuwa. Yunusu ya san ta, ya san inda ruwa ke gudu. Ya haƙa ramukan tassa masu tara ruwa tun yanzu, a zuba taki kafin zafi. Abin da ta ba da ya ci. Diga na cikin bukka.

"Nan ba a ganin nesa. Ko'ina gini. Abincinsu kuma..."

Ina jin numfashinsa da ƙarar motoci, ya kai minti ɗaya. Sai ya ce, "Shi ke nan," ya yanke.

In kana da amsa, ka rubuto, zan karanta mishi da bakina.

Ɗiyarka, Jannatu.

Tudun Aduwa, 12 ga Fabrairu

Ɗiyata Jannatu,

Lafiya lau. Allah ya sa albarka a sabon aiki.

Ki danna mishi ki ce na ji.

Na tafi gonar jiya. Diga na nan inda ya ce, ƙotar ta tsage, na ɗaure ta da waya. Ƙasar ta yi tauri ƙwarai, dutse ya fi ƙasa yawa, kin san halin wajen. Daga safe zuwa azahar rami shida na haƙa, na zauna sau biyu. Babu wanda ya wuce sai wani makiyayi da tumakinsa, ya ɗaga mini sanda daga nesa. Ki faɗa mishi kuma bukkar ta karkata, zan sa mata gwafa. Ki ce ya riƙa cin abincin nasu ko ba daɗi.

Ke kuma, in mai shagon zai ba ki sati ɗaya, ki taho kafin zafi ya kankama. Ki shigo motar Tanimu, ki zauna gaba, duk wanda ya dube ki ki gaishe shi. Gonar na da faɗi, mutum ɗaya ba ya haƙa yana zuba taki.

Babanki, Yunusu.